Jaruma Marar Makari: Masu Kallo da Finafinan da Ba Su Ƙarewa a Arewacin Zamfara

A ranar 10 ga watan Nuwamba, 2023, kamfanin Marvel na ƙasar Amurka ya fito da wani gagarumin fim mai suna The Marvels, wanda mata uku ke jan ragamarsa, kuma mace ce, Nia DaCosta, ta ba da umarni wajen shirya shi. Shi ne na 33 a jerin finafinan da kamfanin ya fara tun 2008, waɗanda duk labarinsu a sarƙe yake da juna. An kashe masa fiye da dala miliyan 250, amma abin da ya tara a silimun duniya bai wuce dala miliyan 206 ba. Magabacinsa kuwa, watau Captain Marvel na 2019, ya tara sama da dala miliyan 1,100. Wannan faɗuwa ta raba masu sharhi gida biyu. Wasu suka ce jama'a ba su son ganin mace a matsayin gagara-badau, wasu suka ce a'a, jerin ne ya yi tsawo har ya ishi mutane.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan gardama daga inda ba a saba duba ta ba, watau daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda ake da tsohon ma'auni na jarunta da kuma tsohon ma'auni na labari, waɗanda ke iya bayyana abin da masu sharhin suka kasa rabewa.

Yadda fim ke isa hannun mai kallo

Wajibi ne a fara da cewa ba a silima mutumin Shinkafi ya ga wannan fim ba, in ma ya gan shi. Tun lokacin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 baƙin abubuwa ke shigowa yankin, aka ga majigi, aka kuma san finafinan Indiya da na kaboyi ta hanyar silimun manyan garuruwa kamar Gusau da Sakkwato. Amma bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, an rufe gidajen silima a jihar. Kallo ya koma kaset, daga nan faifai, daga nan kuma wayar hannu. Yau fim kan zo ne ta shagon mai turi, wanda zai zuba wa mutum finafinai a waya ko a memori a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko kuma ta gidan kallon ƙwallo idan babu wasa, ko ta tashar Arewa24 da YouTube ga mai hali.

Wannan hanya tana da tasiri a kan ra'ayi. Mai kallo ba ya samun finafinan a jere yadda aka shirya su. Yana iya ganin na 33 kafin na 21. Sau da yawa ba ya jin Turancin, sai in an yi wa fim ɗin fassarar baka irin wadda su Algaita suka shahara da ita a Kano a kan finafinan Indiya. Kuma mafi yawan masu kallon waya a cikin gida mata ne, waɗanda ba a cika jin ra'ayinsu a majalisar samari ba.

Mace da jarunta

Ra'ayin da ya fi ƙara a majalisa shi ne na masu cewa abin bai yi kama da gaskiya ba, wai ina aka taɓa ganin mace ta tarwatsa runduna. Sukan kafa hujja da karin maganar nan mai cewa ƙarfin mata sai yawan magana. Abin mamaki shi ne a ce a ƙasar Zurmi ake faɗin haka. A cikin wannan ƙaramar hukuma Dutsi yake, mazaunin farko na sarakunan Zamfara, inda tarihin baka ke cewa sarakunan farko samudawa ne, har ana nuna manyan kaburbura a matsayin shaida. A cikin jerin sarakunan nan, wanda Kurt Krieger ya buga a 1959, kuma Garba Nadama ya yi nazari a kansa a kundin digirinsa na 1977, akwai sarauniya 'Yargoje, wadda ake sa zamaninta a ƙarni na 14, ake kuma danganta ta da Kuyambana. A maƙwabta, masarautar Gobir ta daɗe da sarautar Inna, mace mai iko da hukunci a fada. Ga Daurama a Daura, ga Amina ta Zazzau wadda tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta, wadda har yau ake kiran wasu tsofaffin ganuwowi da sunanta. Bayan jihadi kuma, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shugabanci 'yan taru, jajjinta suna ratsa ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka mace mai iko ba baƙuwa ba ce a tunanin Bazamfare. Mai cewa bai san ta ba, tarihinsa ne bai sani ba.

Alƙaluman kasuwa ma ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. Wonder Woman na 2017 ya tara fiye da dala miliyan 800. A shekarar da The Marvels ya faɗi, Barbie, wanda shi ma mace ce kan gaba, shi ya fi kowane fim ciniki a duniya, alhali The Flash da kashi na biyu na Shazam, waɗanda maza ke jagoranta, sun kwashi kashinsu a hannu. Ga kuma shaidar gida: Mother India na 1957, labarin uwa da ta harbe ɗanta don kare mutuncin 'yar wani, ya daɗe cikin finafinan da Hausawa suka fi riƙewa.

Akwai ra'ayi na biyu da ya fi wannan nauyi, shi ne na masu ƙorafi a kan sutura da rashin kunya. Wannan ya fito fili a kan fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda aka saki a Netflix a watan Nuwamba na 2021, inda Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, tare da Ali Nuhu. Fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim a gasar AMVCA ta 2022, amma a Arewa an soke shi a kan tufafi, da amfani da Turanci, da kuma cusa soyayya a inda tarihi bai ambata ba. Abin lura shi ne, masu sukar ba su ce Amina ba ta yi yaƙi ba. Cewa suka yi wannan ba Aminarsu ba ce. Mutanen arewacin Zamfara kuwa a makare suka shiga wannan muhawara, domin tun farkon Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, har da kasuwar Alhamis ta Shinkafi, saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma lokacin da fim ɗin ya fito ba a riga an maido da layukan a yawancin ƙananan hukumomi ba.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar jaruma kanta. A da, jarumi shi ne wanda ya tsaya inda wasu suka gudu. Samarin silima na shekarun 1970 da 1980 ba su kiran tauraron fim jarumi, akta suke ce masa, abokin gabarsa kuma bos. Da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, sai mujallu suka ɗauki jarumi da jaruma suka ba duk wanda ya fito a fim, ko da aikinsa rawa ce da waƙa. Yau idan aka ce jaruma, 'yar wasa ake nufi. Kalmar ta yalwata, ma'anarta ta yi sirara, har ta kai idan ana son a ambaci mace irin Amina sai an ƙara wani bayani.

Makari

Ra'ayi na uku ba shi da amo kamar na farko, amma shi ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Shi ne na mai kallon da zai ce fim ɗin ba ya sa gaba ya faɗi. Don a fahimci wannan sai a koma ga waƙoƙin maza, waɗanda wannan yanki ya yi fice a kansu. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, Ɗan Anace kuma ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe. Ɗan tauri shi ne mafi kusa da abin da Marvel ke sayarwa: mutum ne da ya sha magani har ƙarfe ba ya cin sa, wuƙa ta lanƙwashe a cikinsa. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kowane magani yana da makari. Akwai abin da in aka haɗa da ƙarfen zai ci, akwai sharaɗin da in ɗan taurin ya karya maganin ya warware. Wannan sani shi ke tara jama'a a fage. Haka a dambe, idan ɗan wasa ya kai ƙasa cewa ake yi an kashe shi, kuma kirarin da makaɗi ke yi wa gwani ba shi da armashi sai don kowa ya san yau ana iya kashe shi. Namoda kansa, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin sadaukan da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma a fagen fama ya ƙare.

Carol Danvers, jarumar Marvel, kusan ba ta da makari. A fim ɗin 2019 ta ratsa jiragen yaƙin sararin sama da jikinta ta farfasa su. A na 2023 ta shiga cikin wata rana da ke mutuwa ta sake kunna ta. Marubutan sun ga matsalar, shi ya sa suka ƙirƙiro dabarar da ke sa matan uku su riƙa musayar wuri duk lokacin da suka yi amfani da ƙarfinsu a tare, amma wannan cikas ne na raha, ba ya sa a ji tsoron wata za ta rasa ranta. Daɗin daɗawa, jerin kansa ya riga ya koya wa mai kallo cewa mutuwa ba mutuwa ba ce: rabin halittun da suka zama ƙura a fim ɗin 2018 sun dawo a na 2019. Masu shirya Superman tun da daɗewa sun fahimci haka, suka ba shi wani koren dutse da ke karya ƙarfinsa. Aibin jarumi marar makari ɗaya ne, namiji ne ko mace. Sai dai idan namiji ne akan ce fim ɗin bai yi daɗi ba, idan mace ce sai a ɗora laifin a kan kasancewarta mace.

Ga mutumin Zurmi ko Shinkafi wannan batu yana da wani kaifi na daban. Fiye da shekara goma ke nan yankin na fama da masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma dajin Kuyambana, mazaunin 'Yargoje, ya zama sananne a matsayin maɓoyar 'yan bindiga. Wanda ya san matar da ta goya ɗa ta ja biyu ta kwana tana tafiya zuwa Ƙaura, ko wadda ta sayar da akuyarta da gadonta don haɗa kuɗin fansa, yana da abin da zai auna jarunta da shi. A wurinsa jarunta tana da farashi, kuma jarumar da ba ta biya komai ba abar kallo ce kawai, kamar wasan wuta.

A nan ne ra'ayin mata masu kallo ke da muhimmanci. Jarumar da ta fi kama zukatansu a 'yan shekarun nan ita ce irin Sumayya ta shirin Labarina, wanda Aminu Saira ya fara a 2020: yarinya 'yar talakawa wadda ba ta da makami sai haƙuri da tsayuwa a kan ra'ayinta, kuma ana iya cutar ta ta kowace fuska. A cikin matan Marvel uku, wadda ta fi kusa da wannan siffa ita ce Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, mai uwa da uba da wa da ke tsawata mata. Masu sharhi da dama, har waɗanda suka kushe fim ɗin, sun yarda ita ce ransa. Dalili a fili yake: ita kaɗai ke da gidan da za a iya rushewa.

Gajiya, ƙosawa, gundura da ginsa

Masu sharhin Turai da Amurka kalma ɗaya suke amfani da ita, mai ma'anar gajiya, wajen bayyana halin da masu kallon waɗannan jerin finafinai suka shiga. Hausa ta fi su rarrabewa. Gajiya ta jiki ce, hutu ke maganinta. Ƙosawa ta mai jira ce, wanda aka ja wa rai yana son a kai ƙarshe. Gundura tana zuwa ne daga maimaici, abu ɗaya yau da gobe. Ginsa kuwa ta mai cin maiƙo ce: abincin yana da daɗi, daɗin ne ya yi yawa har rai ya ƙi shi. Kowace da sanadinta, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ya rikita gardamar.

Abin da ya sami Marvel ginsa ce da gundura. Tsakanin 2021 da 2023 kamfanin ya fito da finafinai goma, ban da jerin shirye-shiryen talabijin, har shugaban kamfanin Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a ƙarshen 2023 cewa yawa ya rage inganci. Akwai kuma bashin da ake ɗora wa mai kallo. Kafin mutum ya san su wane ne abokan Carol biyu, sai ya kalli WandaVision na 2021 da Ms. Marvel na 2022. Wanda mai turi ya zuba wa fim ɗin shi kaɗai a Shinkafi kamar wanda ya shigo hira ne a tsakiya, ana ta dariya bai san abin da aka faɗa ba.

Kada a ɗauka Bahaushe ba ya son labari mai tsawo ko tauraro mai dawowa. Gizo ya fi kowane gagara-badau na Amurka yawan fitowa, shi da Ƙoƙi, kuma ba a taɓa jin yara sun ce ya ishe su ba. Magana Jari Ce littafi uku ne. Samanja ya shekara da shekaru a rediyo da talabijin. Marubutan Hausa na shekarun 1990, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, kashi-kashi suke fitar da littattafansu, mata suna jira suna saye. Bambancin shi ne kowace tatsuniyar Gizo tana da ƙurunƙus. Wanda ya ji ta yau ba ya bukatar ta jiya, kuma in an rufe an rufe. A Magana Jari Ce kowane labarin aku yana kammala, kuma dalilin ba da labarin kansa yana da haɗari a ciki, domin aku na ƙoƙarin tsare Musa ne kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Haka Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya, wadda ranta ke rataye a kan labarin kowane dare. Ita ma jaruma ce mai makari, kuma makarinta shi ne gundurar sarki. Jerin Marvel ya cire ƙurunƙus ya sa talla a madadinsa, domin kowane fim yana ƙarewa ne da ɗan guntun da ke nuna na gaba.

Finafinan Hausa sun kamu da irin wannan ciwo, sai dai nasu ƙosawa ce. Da kasuwar faifai ta mutu saboda satar fasaha da turi a waya, masu shiryawa sun koma ga shiri mai dogon zango. Daɗin Kowa ya fara a Arewa24 a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Izzar So a YouTube a 2020, ya kuma haura kashi 100. Tunda kuɗin shiga ya dogara ne a kan talla da yawan kallo na kowane mako, kammala labari ya zama kamar mutum ya rufe shagonsa da hannunsa. Sai a ja zance, a maimaita abin da ya wuce, a ta da rigimar da aka riga aka sasanta. Labarina ya gwada hanyoyi biyu. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, an ba Fati Washa matsayin Sumayya aka ci gaba, abin da ya jawo muhawara mai yawa a tsakanin masu kallo. Daga baya aka rufe wancan labari aka buɗe sabo, da sababbin mutane, a ƙarƙashin suna ɗaya. Hanya ta biyu ita ce ta tatsuniya, kuma ita ta fi dacewa da abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi.

Ga mai kallo a Ƙaura ko Zurmi, tsawon shiri yana da lissafi na kuɗi. Kowane sabon kashi yana bukatar kuɗin turi ko na data, da kuɗin cajin waya a shagon mai sola ko mai janareta, a garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma layin waya kan ɗauke. Matar da ke cikin gida sai ta aiki yaro da wayarta ko da memori, ta jira ya dawo. Shi ya sa da yawa sukan bari sai zango ya cika a zuba musu shi gaba ɗaya, kuma tambayar da akan aiko yaro da ita wurin mai turi, kafin a tambayi wace ce jarumar, ita ce ko an gama shirin.